Karen Oga Na Neman Raba Ni Da Aikina

Assalamu alaikum Malam. Ni maigadi ne a wani estet da ke Lekki, shekarata huɗu a gidan. Bara oga ya sayo ɗan kwikwiyo irin ƙattin nan da ake kira Boerboel, aka sa masa suna Taiga. Yanzu watansa goma sha takwas. Yaron da ke kula da shi ya bar aiki, sai aka ɗora mini fita da shi kowace yamma, aka ƙara mini ɗan wani abu a kan albashi. A cikin gida ba shi da matsala, har kwanciya yake a bakin ɗakina. Amma da mun fita ya hango wani kare, sai ka ce an taɓa mai iskoki: haushi, tsalle, fizgar igiya. Na yi tsawa, na ja sarƙa, na sa masa bulala, abin sai gaba yake yi. Ranar Talatar da ta wuce ya kayar da ni a bakin kwata na ƙuje gwiwa, saura ƙiris ya cafke ɗan farin karen wata mata. Ta kai maganar guruf ɗin WhatsApp na estet. Oga yana ƙasar waje. Madam ta ce ranar Asabar in kai shi wurin shaƙatawa inda masu karnuka ke zuwa, wai don ya saba. Ni dai gabana faɗuwa yake. Ina da mata da 'ya'ya uku a gida, da wannan aikin nake riƙe da su. Ga 'yan'uwa a majalisa suna tsokanata da ɗan aiken kare, wani ma ya ce sallata ba ta karɓuwa. Ina mafita?

Maigadi, daga Lekki

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da gwiwa, Allah Ya sawwaƙe.

Faɗuwar gaban nan da kake ji, ka saurare ta. Ranar Asabar kada ka kai shi. Madam ba da mugun nufi ta faɗa ba, kuma da a ce Taiga ɗan wata biyu ne da na ce ta yi gaskiya, domin kwikwiyo yana da wani ɗan lokaci, daga mako na uku zuwa wajen na goma sha biyu ko sha huɗu, da duk abin da ya gani cikin kwanciyar hankali yake ɗaukarsa a matsayin abin duniya na yau da kullum. Da yawa daga manyan karnukan da ake sayarwa a Legas kuwa a keji suke cinye waɗannan makonni, daga kejin mai kiwo zuwa kejin bayan gida kusa da janareto. Wannan lokaci ya wuce masa. Ka ɗauke shi yanzu ka jefa tsakiyar karnuka goma, daidai yake da a ɗauki mai tsoron ruwa a kai shi Elegushi a tura cikin teku, a ce ai ta haka zai koyi iyo. Wuraren shaƙatawa irin su Muri Okunola a Victoria Island ko waɗanda ke Alausa, ƙarshen mako cike suke da yara da iyalai, kuma kowanne da dokarsa game da shiga da dabba. Kare da ya fi buhun siminti nauyi, wanda ya riga ya kai ka ƙasa sau ɗaya, ba shi da abin yi a can.

Na san in ka ga yadda yake miƙewa a kan ƙafafun baya yana kumfar baki, abin da zai zo maka a rai shi ne mugunta da jin ƙarfi. Amma akasarin karnukan da ke yin haka a kan igiya, tsoro ne ko takaici ke cinsu. Ka lura da karnukan unguwa da ke yawo sakaka: ba sa tunkarar juna gaba da gaba. Kewayawa suke yi, su shinshina juna ta baya, wanda bai gamsu ba ya kama gabansa. Shi kuwa Taiga igiya ta hana shi kewayawa, ta hana shi gudu, ga titin estet katanga a dama kwata a hagu, ga wani kare na nufo shi ido cikin ido. Abu ɗaya ya rage masa, ya yi hayaniya ko abin can zai tafi. Kuma abin yana tafiya, tunda mai shi wucewa yake dama. A tunanin kare, haushinsa ne ya kore shi. Kowace yamma kuna fita yana ƙara haddace wannan darasi. Ka haɗa da cewa asalin Boerboel karen gadin gonaki ne a Afirka ta Kudu, kuma shekara ɗaya da rabi lokaci ne da ƙarfi ya zo masa amma hankali bai gama zama ba.

Yanzu ka duba bulala daga inda shi yake tsaye. Ya hango kare, sai sarƙa ta shaƙe masa wuya, sai tsawa, sai zafi a gadon baya. Ba zai ce don na yi haushi aka doke ni ba. Abin da zai riƙe shi ne: duk lokacin da wancan ya ɓullo, wuya nake sha. Gobe tun daga nesa zai fara. Akwai kuma abin da ya fi wannan ba ni tsoro. Gurnani gargaɗi ne, shi ne sallamar da kare ke yi kafin haƙori. In ka doke shi har ya daina gurnani, tsoron yana nan daram, gargaɗin kawai ka cire, sai ka wayi gari da kare mai cizo ba sanarwa. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri. Kuma kare da idonsa ya rufe yakan juyo ya cafki abin da ya fi kusa da bakinsa, wato cinyarka. Ban ga laifinka ba, yawancinmu da jifan kare muka tashi. Amma ka tuna mafarautan garinku: wanda ya iya ba ya fita daji da karen da ke tsoron hannunsa.

Maganin da na sani tazara ce. Akwai wani nisa da Taiga zai ga wani kare, ya ɗaga kunne, amma hankalinsa bai bar jikinsa ba: in ka kira sunansa zai waiwayo, in ka jefa masa nama zai ci. Wataƙila taku talatin ne, wataƙila hamsin, wataƙila daga wannan kan layi zuwa wancan. Aikinka na makon farko shi ne ka gano wannan nisa, ka ƙirga shi da ƙafarka. A wajen wannan iyaka yana iya koyo. Da ya tsallaka ta, ko Turanci ko Hausa ko Yarabanci ka yi masa, ba ya jin ka.

Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Taiga ma yana nuna alama kafin ya zabura, kai ne idonka ke kan wancan karen. Ka mayar da idon kan naka. Bakin da yake buɗe yana haki zai rufe gam. Jiki zai sandare, nauyi ya koma ƙafafun gaba, ido ya kafe wuri ɗaya, gashin ƙeya da na gadon baya su miƙe. Kada kaɗa wutsiya ya ruɗe ka, wutsiyar da ta miƙe sama tana ɗan rawa da sauri ba ta murna ba ce. Kafin duk wannan ma wani lokaci za ka ga yana lasar hanci ko hamma ba barci, ko yana kawar da kai. A nan ne ake juyawa, tun ana jin juna.

Ga yadda za ka yi a kan iyakar. Ka samo hanta ko tsokar kaza, a dafa da ruwa zalla, ba gishiri ba magi, ka yayyanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, ka zuba a leda cikin aljihu. In da hanyarka ta bi Agege, a mayankar Oko-Oba ba za ka rasa ɗan'uwa mahauci da zai yi maka sauƙi ba, amma ko ta kasuwar kusa da ku ta isa. Hanta in ta yi yawa tana sa zawo, saboda haka ka gauraya. Tsire da kilishi kuwa kada ka kuskura, domin albasa da tafarnuwa suna lalata wa kare ƙwayoyin jini, ga barkono. Dafaffen ƙashi ma a'a, tsagewa yake ya soki hanji. Ku fita kafin a ba shi abinci, yana ɗan jin yunwa. Da zarar idonsa ya sauka a kan wani kare daga can nesa, ka ce "yauwa" da sakin murya, ka jefa masa nama a ƙasa kusa da ƙafarka. Ya ɗago ya sake kallo, ka sake. Da wancan karen ya ɓace, nama ya ƙare, aljihu ya rufe. Jerin nan shi ne sirrin: kare tukuna, sannan nama. In ka riga ka fito da nama kafin ya ga karen, cikin 'yan kwanaki naman ne zai zama masa alamar masifa na tafe. Ba sabon ilimi ba ne. Ivan Pavlov, masanin nan na Rasha da ya karɓi kyautar Nobel a 1904, shi ya nuna cewa in wani abu yana zuwa kafin abinci a kai a kai, jikin kare da kansa yake fara ɗaukar abin a matsayin albishir. So muke ganin wani kare ya koma masa albishir ɗin hanta.

In ka jefa ya ƙi ci, ko ya wafce da ƙarfi kamar zai haɗa da ƙasa, kun matsa da yawa. Ka ja baya taku goma, ba faɗa. Jefawa a ƙasa ɗin nan tana da amfani biyu: kai ƙasa da shinshine suna kwantar wa kare da hankali, kai kuma hannunka bai taɓa yawu ba.

Ranar da za ka san aiki ya fara ci ita ce ranar da ya hango kare, maimakon ya zabura, sai ya juyo ya kalli aljihunka. A ranar kada murna ta ɗebe ka ka ce bari mu je su gaisa. Taku biyu ko uku za ka rage, ka zauna a nan kwanaki. Abin na makonni ne, wani karen ma watanni. Kuma zai riƙa komawa baya. Ranar da aka kwana ana tsawa da ruwa, ko aka yi baƙi a gida, ko watan Disamba da yara ke ta fasa banga, abin wasan nan mai ƙara kamar bindiga, za ka ga iyakar ta ƙara nisa, domin firgici taruwa yake a jikin kare kamar ruwa a bokiti. Bayan abu irin na ranar Talata ma, kamata ya yi a ba shi kwana biyu ko uku bai fita ba. Ka watsa masa abincinsa a filin gida ya yi ta nema da hanci, wannan yana gajiyar da shi fiye da yadda kake zato. In kuma yana wuni a bakin get yana yi wa duk karen da ya gifta haushi ta ƙarƙashin ƙofa, a mayar da shi ta bayan gidan, don bakin get ɗin ma makaranta ce.

Kana da wata dama da ko oga ba shi da ita. Shekara huɗu kana zaune a bakin ƙofa, ka san ƙarfe nawa matar nan ke fitowa da farin karenta, ka san gidan da ke sakin nasu in an buɗe wa mota, ka san layin da babu kowa. Yi amfani da wannan. Yamma, lokacin da kowa ya taso daga aiki ya fito da nasa, ita ce mafi muni. Ka nemi a mayar da fitar bayan sallar asuba ko bayan isha'i, gwargwadon yadda ka ga layinku. Ga zafi kuma: kare da haki yake fitar da zafin jikinsa, kuma manya masu nauyi irin Taiga ba sa jure rana. Ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta, in ba za ka iya barinsa na 'yan daƙiƙoƙi ba, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba.

Duk dabararka, wata rana za ku yi kiciɓis a kwana. Saboda wannan ranar, tun a cikin gida ka koya masa kalma ɗaya, a ce "mu je": ka faɗa, ka juya baya gaba ɗaya da sauri, ya biyo ka, ka jefa nama. Ku yi ta yi har ta zama wasa. A titi in abu ya taso, ka juya, ko ka laɓe da shi bayan motar da aka faka, ko ka shiga tsakaninsa da abin da yake kallo. Mai kare da ya nufo ka yana murmushi wai nasa ba ya faɗa, ka ɗaga masa hannu tun daga nesa, ka gaya masa da Turancin burokanka cewa naka yana yi. Kunya ba ta da wuri a nan.

Kayan aiki kuwa, na farko takunkumi, kuma ba na son ku sake fita ba tare da shi ba. A sayi mai kama da kwando, wanda kare zai iya haki da shan ruwa da karɓar nama ta cikinsa. Na yadi da ke ɗaure baki gam na ɗakin likita ne na 'yan mintuna, in aka yi tafiya da shi a zafin Legas yana iya kashe kare. Kada ka cusa masa rana ɗaya. Ka sa nama a ciki ya riƙa tura hancinsa da kansa, kwana da kwanaki, sannan a fara ɗaurewa na ɗan lokaci. Da takunkumi zai yi wuya ya tsinci nama a ƙasa, sai ka riƙa miƙa masa ta gefe, da cokali in kana ƙyamar yawu. Na biyu, a ajiye sarƙar shaƙewa, a sayi ɗamarar ƙirji mai zobe a gaba, wadda in ya fizga sai ta karkato da shi gefe, a haɗa da abin wuya mai faɗi don ko ɗaya ya kwance. Igiya mai kauri, kamar mita biyu, ba irin mai naɗe kanta cikin roba ba. Kada ka naɗe ta a wuyan hannu. Kuma ka bar silifas a ɗaki, ka sa takalmi mai riƙe ƙasa. In da duk wannan ka ga ƙarfinsa ya fi naka, ka faɗa: ko ku fita ku biyu, ko a bar fita har a sami mai horarwa.

In Allah Ya ƙaddara suka kama da wani kare, kada ka sa hannu tsakanin bakuna biyu. Ruwa, ko katako, ko kujerar roba a tsakani. In haƙori ya taɓa mutum, ko ƙarzane ne, a wanke da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko ganye. Ciwon haukan kare in ya riga ya bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi, allura kuwa kafin ya bayyana tana hanawa. Ka ce a nuna maka katin rigakafin Taiga da idonka, ka ga ko an sabunta na bana. Haƙƙinka ne, kai ke riƙe da igiyar. A tafiya ɗaya likitan dabbobi ya duba kunnuwansa, da kaska, da gaɓoɓin ƙugu, domin manyan karnuka suna yawan fama da su, kuma mai ciwo ba ya da haƙuri, mutum ne ko dabba.

Sai maganar da na san ita ta fi yi maka nauyi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka yi wa oga saƙon murya, da ladabi, ka gaya masa abin da ya faru kafin ya gama jin sa daga bakin guruf. Ka ce kana son aikin, kana son karen ya gyaru, ga abin da ake buƙata: takunkumi, ɗamara, likita, kuɗin nama, canjin lokaci. Kuɗin nan ba daga albashinka ba. Ka tuna, kare na oga ne, amma ranar da ya ji wa ɗan wani ciwo, wanda aka gani da igiya shi za a fara tambaya, oga kuwa yana can wata ƙasa. In za su ɗauko mai horarwa, madalla, sai dai a lura: da yawa daga masu wannan sana'a a Legas karnukan kai hari suke horarwa, ku kuwa akasin haka kuke nema. A ce ya gwada a gabanku. In ya fito da abin wuya mai jan lantarki, ko ya ɗaga kare da sarƙa har ƙafafunsa suka bar ƙasa, a ba shi kuɗin mota. Matar nan kuma ku je da Madam ku ba ta haƙuri, ba da Taiga ba, ka tambaye ta lokacin fitarta ka ce za ka kauce. Yawancin wutar guruf da irin wannan take mutuwa.

'Yan majalisa kuwa, tsokana ce, in ka yi dariya ta wuce. Amma mai cewa sallarka ba ta karɓuwa ya yi gaggawa. Hadisi ya yi izinin kare na farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa kuma sun haɗa da na gadin gida in akwai buƙata. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sha a ciki kuwa bin umarni ne. An ma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risalar da ake karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare da katangar gidansa ta faɗi, da aka ce masa Imamu Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Wasu mazhabobin suna ganin yawun najasa ne, saboda haka in kana son zuciyarka ta natsu, ka ware riga da wando na fita da kare, ka canza kafin salla, ka kuma zauna da limaminku ya ƙara maka bayani.

Kada ka sa rai Taiga zai koma mai wasa da karnukan maƙwabta. Wataƙila har ya tsufa ba zai so su ba, kuma ba dole ne ya so su ba. In ya kai ga wuce kare a ɗaya gefen titi yana kallonka, kun ci nasara.

Ranar Asabar ɗin, in ya riga ya saba da takunkumi, maimakon wurin shaƙatawa, ka roƙi Madam ta fito da sassafe ta tsaya a gefenka a kan layin da ya fi tsawo, ledar hanta a aljihunka. Ta ga da idonta inda yake cin nama da inda yake daina ci. Ka ƙirga takun da ke tsakani, ka rubuto mini adadin bayan wata guda, tare da sabon adadin da kuka kai.